Fentin da aka shafa wa shagon Yayana

Yayana ya dawo daga yaƙin arewa maso gabas babu idanu. Nakiya ce ta tashi da motarsu. Da ya ji sauƙi sai ya ce ba zai zauna a Gwaram ana yi masa sannu kullum ba. Ya dawo Birnin Kudu kusa da ni, ya kafa ɗan shagon kwano a bakin titi. Sabulu, ashana, gishiri, kowanne hannunsa ya san wurinsa.

A lokacin an hana buɗe sabon shago a bakin titi sai da izini, wai saboda tsaro. Ni nake riƙe hannunsa zuwa ofis, muna ta safa da marwa, kullum maganar ɗaya ce: a dawo.

Wata rana da yamma na biyo ta shagon. Tun daga nesa na hango abin da aka yi. An zabga wa ƙofar ƙaton gicciye da jan fenti. Ko yaron goye a garin nan ya san ma'anarsa, rushewa za a yi.

Shi kuwa yana zaune cikin farar rigarsa ta Juma'a, yana raba goro.

"Ƙanwata, an dace!" in ji shi. "Mutanen hukuma sun zo. Suka ce, Ofisa, mun sa maka alama, kwantar da hankalinka."

Na dubi mutanen da ke wurin. Mai shayi, mai faci, har da dattawan unguwa, kowa da goro a bakinsa, suna cewa Allah ya sanya alheri. Wai kunya ce ta hana su faɗa masa. Kunyar ba ta hana su tauna goronsa ba! Ban taɓa zaton za a yi wa makaho haka ba, balle wanda ya bar idanunsa a daji don mu yi barci.

Ya lalubi ƙofar, ya shafa fentin da bai gama bushewa ba.

"Kore ne ko? Irin na tuta?"

"Ja ne, Yaya."

Aka daina tauna. Ya daɗe hannunsa na kan kwanon ƙofar, sannan ya goge yatsunsa a farar rigar.

"Ja," ya ce a hankali. "A can, inda aka binne nakiya muke sa wa ja, don kada mutum ya matso."

Sai ya ce in miƙo masa buhu, ya fara sauke sabulun.