Ƙotar Kirya

Warin kirya in tana ƙuna ba ya ɓace mini, ko cikin itace ɗari aka cusa ta. Shi ya tashe ni daga tabarma ranar Juma'ar nan. To ku zauna ku ji.

Kakanmu ya dawo daga yaƙin Turawa da banati, doguwar wuƙar nan da soja ke ɗaurawa a bakin bindiga. Ƙotarta ta tsage tun can, ya naɗe ta da tsumma ya rataye. Ba ita ce a ransa ba. Gonarsa ce a ransa, da bishiyar kiryar da ta raba iyakarsa da ta ƙanensa.

Shekarar da aka haƙo hanyar ruwa ta ratsa ƙasar Bunkure, katafila ta tuge kiryar, aka sake yanka gonaki. Ƙanen nan ya tsaya gaban dagaci, ba kunya ba tsoron Allah, ya ce bishiya ba ta taɓa tsirowa a wurin ba. Ya cinye bakin ruwa, aka bar wa kaka tudu.

Kaka bai kai ƙara ba. Ya je inda aka jibge itatuwan, ya saro reshe, ya kai wa maƙeri, ina biye da shi. Maƙeri ya ɓalle tsohuwar ƙota, ya sa gindin ƙarfen a wuta har ya yi jajir, ya cusa shi cikin kiryar. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar.

"Baba, da marke ka kawo, ya fi daɗin sassaƙa," in ji maƙeri.

"Marke bai ga iyakata ba."

Tun daga ranar, duk Sallah in ƙanen ya zo gaisuwa, kaka zai ɗauko banatin ya ajiye tsakaninsu, ƙotar na kallonsa. Ba zagi, ba gori. Mutumin nan bai ƙara ɗaga ido a zaurenmu ba har aka binne shi.

Ni na gaji banatin. Sai ga jikana, wanda ya rasa matar aure duk faɗin Bunkure sai daga tsatson ƙanen nan na kaka, ya ɗauke shi ban sani ba, wai gyara. Aka sa masa ƙotar roba mai sheƙi. Matar kuwa ta tura tsohuwar ƙotar a murhu, ta ɗora tukunya.

Da hannuna na zaro ta. Rabi ya riga ya zama gawayi.

"Iya, guntun icce ne fa, duk gara ta cinye," in ji jikan nawa.

Na ce, "Gara ba ta cin kirya. Mutum ke cin amana."

Yanzu tumatir ya rufe ko'ina, ba wanda ya san inda iyaka take, ba kuma mai son sani. Banatin na bar wa jikan nawa, ya je ya yanka ciyawa. Guntuwar ƙotar tana ƙarƙashin matashina. Kullum da safe in matarsa ta durƙusa gaishe ni, sai na ɗauko na ajiye tsakaninmu.