Malama Luba Mai Jan Kafso (1958–2004)

A watan Agusta na shekarar 1999, wata uku bayan sojoji sun miƙa mulki, Malama Luba ta tsaya a zauren Alhaji Sabo a gindin Dala, ta shanye maganin da aka yi domin yara. Wannan rana ce mafarin ajalinta.

Haihuwa da Tasowa

An haifi Lubabatu a shekarar 1958 a unguwar Dala cikin birnin Kano. Mahaifinta, Malam Lawal, baduku ne a Kasuwar Kurmi, mahaifiyarta Tani kuwa tana ɗinkin hula a gida. Tana da shekara tara baƙon dauro ya kama ƙaninta Shehu. Ya tashi daga ciwon da dundumi, da zarar magariba ta yi sai ya koma lalube a jikin bango, kafin shekara ta zagayo idanun suka yi fari suka tafi baki ɗaya. Ita ta riƙa yi masa jagora zuwa makarantar allo.

Karatu, Aiki da Aure

Ta gama firamare a 1971, ta shiga sakandaren 'yan mata, ta kammala makarantar koyon aikin lafiya a 1979. A can ta sami sunan abin da Shehu ya rasa: bitamin A, sinadarin da ido ke bukata don gani idan haske ya yi ƙasa, wanda ke gyara fata, yake kuma ƙarfafa jikin yaro a kan baƙon dauro da gudawa. Ana samunsa a hanta da manja da ƙwai da zogale. Har ta bar duniya ba ta daina maimaita cewa mai gasa hanta a bakin layinsu yake zaune.

Ta kama aiki a wani ƙaramin asibitin cikin gari. A 1981 ta auri Malam Nata'ala, malamin tarihi a sakandare, mutum mai littattafai da yawa da abokai kaɗan.

Shekarun Kafso

Da farar hula suka dawo, aka sa ta cikin masu bi gida gida suna ba yara bitamin A: shuɗin kafso ga jarirai, ja ga waɗanda suka shekara, a yanke bakin kafson da almakashi a matsa a bakin yaro, sau ɗaya a wata shida. Mutanen da suka shekara goma sha biyar suna jin alkawarin gwamnati ta rediyo ba su ga dalilin yarda da kyautarta ba, kuma a nan ba su yi wauta ba. Inda suka yi ta shi ne da suka ce kafson yana hana haihuwa.

Alhaji Sabo, mai gida mafi yawan jikoki a layin, ya tsare ta a zaure ya ce a garin nan mai ba da magani shi ke fara sha. Ta yanke ja guda ta shanye a gabansa. Ya dube ta ya ce, "Ke da kika gama haihuwa, Malama, me zai yi miki?" Bai buɗe mata gida ba. Amma labari ya zaga, maƙwabta suka buɗe nasu bisa sharaɗin su ma ta sha a gabansu. Abin da aka ƙayyade wa yaro sau biyu a shekara, ita takan sha shi a zaure bayan zaure cikin yini guda, a kowane zagaye, shekara huɗu.

Wannan sinadari ba ya fita da fitsari, a hanta yake taruwa. Ciwon kai da amai suka fara, leɓɓanta suka tsage, fata ta bushe, gashi ya zube, gaɓoɓi suka ɗauki ciwo. Mijinta ya buɗe littafinta na makaranta ya ajiye mata shafin da ya yi bayanin illar yawan shansa a kan tabarma. Ta ce, "Malam, littafin nawa ne, da shi na ci jarrabawa." Ya ce to hauka ne. Ta ce, "Na taɓa riƙe wa makaho sanda. Kai karantawa ka yi."

Rashin Lafiya

A ƙarshen 2003 idanunta suka yi rawaya, ciki ya kumbura, likita ya ce hanta ta lalace. Ta hana mijinta faɗin dalili, don kada a ce ga shaida, maganin guba ne, a sake rufe ƙofofi. Ya bi umarninta yana ji ana cewa sammu ne, waɗansu na cewa alhakin yara ne ya kama ta. Yanzu da hanin ya faɗi, a rubuta a sarari: ƙwaya ɗaya a wata shida tana tsare idon yaro, kuma ba ita ta kashe Malama Luba ba. Sharaɗin zaure ne ya kashe ta. Masu sharaɗin duk sun zo gaisuwa, an kuma ba su tabarma.

Rasuwa

Ta rasu da hantsin wata Laraba a watan Fabrairu na 2004, tana da shekara arba'in da biyar. An yi mata salla a ƙofar gidan mahaifinta bayan azahar, ƙaninta Malam Shehu ne ya ja sallar, aka kai ta makwancinta. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Hashim, Jamila da Ismail.

A safiyar da ta rasu, Malam Nata'ala ya bar ta a gadon asibiti ya dawo gida ɗaukar mata kunu. Ya tarar da Alhaji Sabo tsaye a ƙofa da jikoki a bayansa, ɗaya daga cikinsu ta kwana uku tana tuntuɓe da magariba. Alhajin bai ɗaga kai ba, ya ce idan Malama tana da sauran jan nan, a taimaka. Malam Nata'ala ya nuna masa hanyar asibitin unguwa, ya manta da kunun, ya tari mota yana tsara yadda zai faɗa mata, don ya san za ta yi dariya ko da ciwon zai tashi. Ya isa ya tarar an ja mata zane har kai.

Abin da ya je faɗa mata bai da tsawo: Luba, Sabo ya buɗe ƙofa, kuma bai ce kowa ya fara sha ba.