Tanti Akuavi da Kwalbar Fetur Ɗaya

A kasuwar motoci ta Sekanji, bayan Kotonu, wata mata tana kewaya mota kamar mai taya akuya. Gajera ce, kakkaura, tafin hannunta duk zanen ƙayar abarba. Da alama daga garin Alada take kawo kaya, kuma ta taɓa wuni a hanya, abarbarta na ruɓewa a motar da ta mace. Dillalin, Dosu, yana kiranta Tanti Akuavi.

"Tanti, wannan zakanya ce a hanya, amma shan manta na kyanwa ne."

"Ɗana, bakinka ne kawai ba ya shan mai. Zuƙe mini tankin."

Da aka zuƙe, ta ciro kwalbar fetur guda daga jakarta, irin ta bakin titi, ta ɗura da kanta har ɗigon ƙarshe. Sai ta yafito ƙannenta mata uku da ke cin gyaɗa a inuwa, kowacce ta fi ta jiki. Suna shiga baya, mota tana durƙusawa.

"Su ne abarbata yau. In kwalbar nan ta haye da mu gadar Kotonu ta dawo da mu, na saya."

"In ta tsaya fa?"

Tana gyara ɗankwali a madubi. "Ai shi ya sa za ka bi mu. Wa zai tura?"

Dosu ya dubi ƙannen, ya dubi takalminsa mai sheƙi, ya sassauta murya.

"Tanti, akwai wata can ciki da ban nuna miki ba."