Shekarar da Inna ta ƙi karɓar makulli

Ni fa a waya na koyi siyasa, ba wanda ya zaunar da ni. Keke-napep nake tuƙawa daga Maitumbi zuwa kasuwa, to duk sanda nake layi ina jiran fasinja sai in buɗe muhawara in saurara, abin da ban gane ba in tambayi malaman makarantar da nake ɗauka da safe. A haka na samu gwanina cikin masu neman shugabancin ƙasa. Mutumin nan in yana magana sai ka rantse ya taɓa zaman gidan haya irin namu. Maganarsa wutar lantarki ce, da aikin yi, da cewa ƙasar nan za ta gyaru kuma da hannunmu za a gyara ta. Na sauke jawabinsa na sa a 'yar lasifikar keke, fasinja ya so ya ƙi sai ya ji. In jawabin ya ƙare ni in ɗora nawa, in ce ga ruwa can Zungeru yana ba da wuta, mu da muke kusa muna fifita da kwali. Wannan ne zaɓen farko da zan jefa ƙuri'a, don haka ji nake kamar ni kaɗai ake jira.

A gidanmu akwai wata dattijuwa da ɗakinta ke kallon namu, kowa Mama yake ce mata. Kirista ce, mutuniyar kudancin Kaduna. Mijinta aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna, a nan ya rasu, ita kuma ta ci gaba da suyar ƙosai a ƙofar gida. Tun da na fara wannan zumuɗin ta daina kirana ɗana, ta koma Sanata. In na fito da safe sai ta ce Sanata ya fito, a ba shi ƙosai kafin ya tafi majalisa.

Akwai wata al'ada tsakaninta da Innata. Duk zaɓe, in ya kusa, Mama takan tafi gida kamar yadda baƙi da yawa ke yi, don gudun abin da ka iya biyo bayan sakamako. Takan ɗaura makullin ɗakinta a tsumman atamfa ta miƙa wa Inna, ta bar mata kajinta. Kuma ƙa'idar ita ce mai riƙe da makulli ba ya barin gida ranar zaɓe. Inna tabarma take shimfiɗawa tsakanin ƙofofin biyu ta wuni tana tsintar wake. In ƙura ta lafa Mama ta dawo da citta da acca, cittar nan ita ke riƙe mana kunu har wani lokaci mai tsawo. Dukansu biyu suna da katin zaɓe na makarantar firamaren da ke bayanmu, amma ba wadda ta taɓa dangwalawa: ɗaya ta tafi, ɗaya na gadi.

Wannan karon abin ya bambanta. Babban ɗan Mama ya gama gininsa a can gida, ya ware mata ɗaki, ya ce in ta zo ta zo ke nan, ya gaji da ɗaukar zuciyarsa a hannu duk zaɓe. Makullin da za ta ba Inna ba na ajiya ba ne, na miƙa wa mai gidan hayar ne. Har kaji ta ce da su za ta tafi.

Na ce wannan aikina ne. Na zauna kusa da kaskonta na kunna mata jawabi, na fassara mata inda aka yi Turanci. Na gaya mata wannan karon ba kamar da ba ne, matasa sun waye, a ƙungiyarmu ta 'yan keke akwai Gwari, akwai Nupawa, akwai Hausawa, akwai 'yan coci, duk abu ɗaya muke so. Ta bar ni na gama tsaf, ta juya ƙosanta, sannan ta ce ta ji mai canji, ta ji mai sabon salo, ta ji mai cewa talaka zai huta, kuma duk a kaskon nan suka same ta suka bar ta. Ta ce muryar gwanina da daɗi, wannan ba ta musa ba.

Na koma da wata dabarar. Na ce in duk mutanen kirki suka tafi, wa zai yi zaɓen? Ta ce, "Sanata, in abu ya tashi gwaninka na Abuja. Ni kuma ƙofata langa-langa ce."

Sai na je na gwada Inna, na ce ta sa baki. Ita Inna ba ta ɗauki siyasa a bakin komai ba, in na fara takan ce in rage murya kada tuwonta ya yi gudaji. Ta ce ba a hana uwa zuwa wurin ɗanta, ta ci gaba da aikinta. Amma na lura kwanakin nan ba ta fita hira ƙofar gida, kuma ta daina tambayar Mama yaushe ce tafiyar.

Ranar tafiya ni zan kai Mama tasha. Da hantsi na kawo keke bakin ƙofa, na ɗaura buhunta a baya, na sa kaskon suya a ƙasan kujera. Ta ɗaure wa kajin ƙafafu ta jera su a kwando. Ko lasifikar ban kunna ba. Ta kulle ɗaki, ta zo ƙofarmu da makullin a tsummansa, ta yi sallama irin tamu kamar yadda ta saba.

Inna ta fito, ta dubi makullin, ta mayar da hannayenta baya.

"'Yar uwa, bana ba zan karɓa ba. Ranar zaɓe ba na gida."

Mama ta tambaye ta ina za ta, alhali an hana motoci tafiya ranar.

"Makaranta zan je, layi. Yaron nan ya cika min kunne, gara in je in dangwala in huta. Kuma ban san yadda ake yi ba, ba kuma zan tsaya cikin 'yan mata su yi min dariya ni kaɗai ba. Ke za ki raka ni."

Mama ta ce ai ita ma ba ta sani ba. Inna ta ce to sai a yi musu dariyar tare. Mama ta ce makullin nan fa na mai gida ne, ba gadi ta nema ba. Inna ta ce ita ba 'yar aiken mai gida ba ce, wanda ya shiga ɗaki da ƙafarsa shi ke mayar da makulli da hannunsa, kuma mai gidan yana Maikunkele wajen gonarsa, sai bayan zaɓe zai shigo.

A wurinmu ba a mayar wa maƙwabci da amana in ya miƙo. Ban taɓa ganin an yi ba, ita ma Mama da alama ba ta taɓa gani ba, don ta daɗe a tsaye da tsumman a hannu. Wani fasinja ya leƙo yana tambaya ko keken na tafiya, na ce masa a'a. Daga baya Mama ta ce Inna ba ta da kunya, tsufa ya zo mata da rashin ta-ido. Ta zauna a kan turmi ta kira ɗanta. Ba na jin yarensu, amma na ji muryarsa tana tashi ta cikin wayar, ita kuwa tata ba ta tashi ba. Da ta gama ta ce in kwance kajin kafin ƙafafunsu su kumbura, kuma in sauke kasko a hankali, ba na gwamnati ba ne.

Ranar zaɓe da ƙafa muka tafi, ni a gaba su a baya, Inna da hijabinta na zuwa biki, Mama da ɗankwalinta na Lahadi. A hanya na yi ta kwatanta musu alamar jam'iyyar gwanina, a ina take a takarda, kada tawada ta taɓa gidan wani. Suka ce sun ji. A layin mata aka ce tsofaffi su wuce gaba. Na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karanta yatsan Mama, wai man suya da zafi sun cinye zanen, sai da aka ɗauki fuskarta. Ta ce ko na'ura ta san ta yi aiki a garin nan.

Suka fito kowacce da tawada a babban yatsa. Na tare su tun kafin su kai bakin ƙofar makarantar.

"Mama, kin ga alamar dai ko?"

"Na gan ta sarai, Sanata. Na wuce ta na dangwala wa nawa."

Ashe tana da nata gwanin tuntuni, a wurin matan cocinsu ta ji shi, ba ta dai taɓa gaya min ba. Na juya ga Inna, ta ce ai ni da kaina na koya mata ƙuri'a sirri ce.

Gwanina bai ci ba. Na Mama ma bai ci ba. Ranar da aka faɗi sakamako shaguna sun makara ba su buɗe ba, ni ma ban fitar da keke ba, na kwanta raina a ɓace. Can na ji ƙamshin mai daga ƙofar gida. Mama ce ta hura wuta, tana kiran Sanata ya fito ya ci ƙosan faɗuwa, na waɗanda suka faɗi kyauta ne. Na fita na ci, har na fara yi mata bayanin inda aka yi kuskure da yadda za a gyara a zaɓe mai zuwa.

Tana nan a ɗakin har yanzu. Sai dai shekarar ba mu samu citta ba, tunda ba wanda ya je gida. Duk sanda Inna ta dama kunu ya fito salam, ni take harara, ta ce ga canjin da na kawo mata.