Ƙwayoyin da Baba ya ɓoye a hula

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa yi mini magana kai tsaye ba muddin akwai wanda za a bi ta kansa. Ko ina tsaye a gabansa da moɗa a hannu, sai ya dubi Inna ya ce ta gaya wa waccan ta kawo ruwa. Da na gama karatu na kama aikin duban jini a labon asibiti a Dogon Dutsi, sai na samu ƙarin girma, na tashi daga waccan na koma mai madubin nan, saboda madubin da nake duban jinin da shi. Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, kuma na san in ba na nan yana cika wa mutanen garinmu Ɗan Kassari kunne da labarina. Sai dai kunyar nan ta kusa raba ni da shi, kuma bakina ne ya taimaka mata.

A shekarar da aka hana musabaha aka sa kowa ya ɗaure hanci ne mura ta kama shi, bayan an gama roron wake. Ya yi mako guda yana sirace da ganye yana cewa ta tafi. Ranar da ya kasa gama amsa gaisuwar maƙwabci sai da ya tsaya ya huta a tsakiya, Inna ba ta nemi shawararsa ba, ta sa aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin hanya, mota ta kawo mana shi. Aka kwantar da shi a ɗakin da aka keɓe, aka sa masa robar iska a hanci, aka bar Inna ita kaɗai ta yi jinya.

Ni na duba jininsa. Na shafa ɗigo a kan gilashi, na rina, na sa ido. A jinin mai lafiya fararen ƙwayoyi, waɗanda su ne masu tsaron jiki, ɗai-ɗai ake ganinsu cikin jajayen. A na Baba kuwa, irin masu saurin kai hari sun cika ko'ina, masu natsuwar da ke gane cuta su bi ta a hankali sun ragu ƙwarai. Na ce a raina, jinin ma halin mai shi ya ɗauko. Likita ya duba takardar, ya saurari ƙirjin, ya gaya mini abin da na riga na sani amma ba na son ji. Ƙwayar cutar ta fara ja da baya, abin da ke shaƙe shi yanzu masu tsaron jikinsa ne. Sun taru a huhu suna ta yaƙi ba su san an gama ba, wurin ya kumbura, ruwa yana tsattsafowa inda iska ya kamata ta shiga. Sai an ba shi wata ƙaramar ƙwayar magani kullum da safe wadda za ta lafar da su, in ba haka ba injin iskar ma ba zai riƙe shi ba.

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ni mai madubi ce, kuma shekara da shekaru ina jiran ranar da Baba zai ji da kunnensa cewa karatun nan bai tafi a banza ba. Na tsaya a bakin ƙofa na yi wa Inna bayani da murya mai ƙarfi, har da 'yan kalmomin Faransanci don ado, alhali kowa ya san ba ita nake yi wa ba. Baba yana kwance ya ba mu baya. Da na gama sai ya yi magana guntu-guntu, yana jan numfashi tsakani.

"Tambayi mai madubin nan. Dakarun ga, nawa na, ko na cuta?"

Na ce wa Inna nasa ne.

"To mi sunka yi da za a kashe musu jiki?"

Na manta da wanda nake magana. Baba tsohon ɗan kokawa ne, kuma a duniya ba abin da ya tsana irin a ce masa ya sassauta. A ganinsa an kawo shi asibiti don a ƙara masa ƙarfi, ga shi ɗiyarsa ta tona cewa rage masa za a yi.

Kwana uku majo, shugaban masu jinya, yana miƙa masa ƙwayar, Baba yana karɓa da hannu biyu yana godiya yana kaiwa baki. Kwana ukun nan kuma 'yar na'urar da ake maƙala masa a yatsa tana nuna iskar jininsa na raguwa, leɓensa yana canza launi. A rana ta huɗu ana gyaran shimfiɗa hularsa ta faɗi, ƙwayoyi uku suka gangaro daga cikin ninkinta, fes, ko yawu bai taɓa su ba. Aka ce to a ba shi ta allura, ya naɗe hannuwa a hammata. Majo ya ce in aka yi masa dabara ya gane, zai cire robar ya kama hanyar Ɗan Kassari da ƙafa, kuma ba zai kai bakin tasha ba.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Amma yaya za ki yi wa mutumin da bai taɓa kallon idonki ba tsawa? Sai na sauke wa Inna, wadda ba ta ci ba ba ta sha ba. Ina faɗa tana juyawa tana isar masa da laushi, kafin faɗan ya kai gadon ya zama sannu da jiki. Da na gaji na fita bayan ɗakin na yi kukana. Inna ta same ni can, ta ce in bar wahalar da kaina, wannan ba aikin mata ba ne ba kuma na ɗiya ba, in kira Gwaggo ta Dumega.

Gwaggo ɗiyar kawun Baba ce, wato taubashiyarsa, kuma duk Arewa ita kaɗai ke da izinin gaya masa abin da ta ga dama ya haɗiye. Ita kaɗai ce kuma ke iya ambaton rumbu. Tun ina goye Baba ya ga ɓeraye a rumbun geronsa, ya hura wuta a ƙarƙashi don hayaƙi ya kore su. Tun hayaƙin farko suka watse, kowa ya gan su suna gudu, amma Baba ya ce sai ya koya musu hankali, ya yi ta ƙara kara har wuta ta kama jinka. Noman shekara ya tashi a gabansa kafin azahar, a gidan su Gwaggo muka ci tuwo har kaka ta zagayo. Daga ranar ba a sake haɗa hayaƙi da rumbu cikin magana ɗaya a gidanmu ba.

Washegari da hantsi ta sauka daga bayan babur ɗin kabu-kabu tana zagin ramukan hanya. Aka hana ta shiga ɗakin, ta ce ko an roƙe ta ba za ta shiga ba, taga ta ishe ta. Ta sa na sake mata bayanin ciwon da Hausa zalla, ta ce in na saka Faransanci ko guda za ta koma. Ta saurara har ƙarshe, sai ta kama dariya har ta dafa bango. Ta gyara takunkuminta, ta leƙa tagar.

"Kai bawana, an ce mini ka sake. Wancan karo rumbu kak ƙone don kusu ukku da sunka riga sunka tahi. Yanzu cuta ta tahi, kana ta ƙara ma ƙirjinka kara. Ɗiyarka ta zo da ruwa, ka ɓoye shi cikin hula. Wancan karo ni nac ciyar da iyalinka. Wanga karo in jinka ta kama, ba ni da huhun da zan ba ka aro."

Baba ya buɗe baki zai rama, don a tarihinsu bai taɓa barin maganarta ta faɗi ƙasa ba. Ya ce "Ke", numfashi ya ƙare. Ya sake jawowa ya ce "Ke dai", tari ya sarƙe shi. Gwaggo ta jira, ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce masa a hankali za ta zauna a gindin tagar nan har sai ya ba ta amsa. Daga ƙarshe ya miƙa wa Inna tafin hannu ta sa masa ƙwayar. Gwaggo ta sa ya buɗe baki ya ɗaga harshe bayan ya haɗiye, ta kuma ƙwace hular ta tagar ta ce tana tsare sai an sallame shi.

Ba dare ɗaya ya warke ba. Kwana biyu na farko ban ga wani canji ba, ina duban jinin mutane hankalina yana ɗakin. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a inuwar bango, kullum bayan an ba shi ƙwayar sai ta miƙe ta jefa masa tsokana ta tagar, shi kuma ya rama da kalma biyu ko uku kafin iska ta yanke. A hankali masu kai harin nan suka fara raguwa a kan gilashina, masu natsuwar suka soma dawowa, likita ya rage ƙarfin injin.

Ranar da ya cika mako da fara sha, ina tahowa daga labo da takardarsa a hannu sai na ji muryarsa tun daga nesa. Gwaggo ta ce masa mai ƙona rumbu, shi kuwa ya ɗauko ta tun daga tuwon da ta ciyar da mu, wanda ya ce ko jaki sai an ɗaure shi zai ci, ya bi ta kan haƙoranta da suka yi saura, ya gangaro kan mijin da ya haƙura da ita shekara arba'in, ya ƙare da cewa ta maido masa hularsa kafin ta sayar a kasuwar Dumega. Na tsaya cak ina saurare, ina jiran inda zai tsaya ya ja numfashi. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe.

Gwaggo ta juyo ta gan ni ina share ido da bayan hannu. Daga cikin ɗakin na ji ya ce wa Inna ta gaya wa mai madubin nan ta daina tsayuwa cikin rana.