Karyar Al Thumama da Tiren Shinkafarmu

Akwai mako guda a zamana na Doha da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran. Shekaru sun ja, na canja wurin aiki har sau biyu, amma duk ranar da na hango kare a bakin titi sai makon nan ya faɗo min a rai, in ce alhamdu lillahi a fili, har na kusa da ni ya waiwayo.

A lokacin ina gadi a wani rukunin gidaje a Al Thumama, gida ashirin da 'yan kai cikin katanga ɗaya, da babbar ƙofa a gaba da ƙarama a baya. Mu biyu ne masu aikin rana, ni da wani dattijo mutumin zangon Kumasi da nake kira Baba. Mutum ne mai tsokana, ba ya wuni bai ce min 'yan Najeriya sai baki ba, ni kuma in ce masa ai shi ya sa ya koyi harshenmu. Muna zaman lafiyarmu sai ga karya ta shigo mana.

Siririya ce, ja-ja, mai dogayen ƙafafu, nonuwanta sun zubo. Ta haihu ne a cikin wasu manyan bututun siminti da 'yan kwangila suka watsar a filin da ke bayan katangarmu. Ƙasan ƙaramar ƙofa akwai ɗan rami, ta nan take kutsowa. Ta kifar da kwandon shara, ta yayyaga leda, ta bi gida-gida tana shinshine. Rannan ta yi wa wata mai aikin gida gurnani, matar ta zubar da kayan wanki ta ruga, ta faɗi ta gurje gwiwa. Shi ke nan fa, masu gidaje suka tayar da ƙura.

Ranar wata Alhamis sai ga mudir, wato mai kula da gidajen. Ya shigo ɗakin gadi ko sallama bai ƙarasa ba, ya dangwara wani farin gwangwani a kan tebur.

"Ka kwaɓa da nama ka ajiye mata," ya ce min. "Yalla, maza a gama da wannan magana."

Na duba gwangwanin, na gane guba ce. Ni fa kada ku ɗauka mai son kare ne. A ƙauyenmu na ƙasar Katsina jifansu muke yi muna yara, har yau kuma in kare ya shinshina min wando sai na wanke. Amma in kwaɓa guba da hannuna in ba mai shayarwa? Na riga na leƙa bututun nan, na ƙirga 'yan kwikwiyo biyar, idonsu ma bai gama buɗewa ba. Rai shida ke nan a wuyana. Na ce masa don Allah ya ba ni mako guda, zan kore ta ba tare da an kashe ta ba. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce ya ba ni zuwa Alhamis mai zuwa. In tana shigowa har lokacin, ko in sa gubar, ko ya kira kamfani a kawo masa wani mai gadin. Duk wanda ya yi aiki a ƙasar nan ya san in aka mayar da kai kamfani da sunan ka ƙi bin umarni, to ka fara haɗa jakarka. Ga mata da 'ya'ya uku a gida suna kallon hannuna.

Kwana biyun farko abin da na iya na yi, wato jifa da sanda. Ko a jikinta. In na kore ta da safe, kafin la'asar ta dawo. Ranar Asabar sai wata dabara ta zo min, wadda a lokacin na ɗauka ta masu hankali ce. Na bari ta shigo, na lallaɓa na toshe ramin da katako, na ɗauko gora. Nufina in lakaɗa mata dukan da ko sunan unguwar ta ji sai ta canja hanya. Ta ruga ramin ta tarar a rufe, sai kawai ta juyo. Wallahi ban taɓa ganin haƙora irin na ranar ba. Ni da kakina da hulata da gorata, ban san lokacin da na ɗare tsanin tankin ruwa ba. Baba yana can nesa ya riƙe ciki yana cewa, "Sikiriti! Sauko mana ka yi aikinka!"

Hayaniyar ce ta fito da matar gidan ƙarshe, wata Baturiya 'yar Kanada da ke koyarwa a wata makaranta, muna ce mata Madam. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi gudu ba. Ta bi gefen katanga a hankali, ta sa ƙafa ta ture katakon, ta ja baya. Karyar ta sulale ta fice. Sannan ta ɗago kai ta dube ni a saman tsani, ta ce da Turancinta a hankali yadda zan gane, "Kada ka ƙara rufe wa dabba hanyar fita. Tsoro ne ya sa ta juyo maka."

Na sauko da kunya, na ba ta labarin gubar da wa'adin. Fuskarta ta canja. Ta ciro waya ta nuna mana bidiyon gidan mahaifinta a ƙasarsu. Wata ƙatuwar baƙar dabba ce mai gashi, beyar ake ce mata, ta miƙe a kan ƙafa biyu ta fi ƙofar gidan tsayi, tana buɗe murfin shara kamar mutum. Baba ya dafe ƙirji ya ce, "Inna lillahi! Wannan a tsakar gida? Kuma kuna iya barci?" Ta yi dariya ta ce duk shekara suna zuwa, kuma mahaifinta bai taɓa harbin ko ɗaya ba. Ta ce dabba ba don tana ƙaunarka take zuwa gidanka ba, akwai abin da take ci. Ka kawar da abin, ka sa wurin ya daina yi mata daɗi, ka bar mata hanyar tafiya, za ta tafi da ƙafarta. Sai ta ce mu zagaya tare mu ga me wannan take ci a nan.

Muka bi kwandunan shara ɗaya bayan ɗaya, tana nuna mana waɗanda murfinsu ba ya rufuwa. Har muka zo bayan ɗakin gadi. Nan ta ja ta tsaya. Ga ƙaton tire a inuwa, da sauran shinkafa da ƙasusuwan kaza, an lashe rabi.

"Wa ke ajiye wannan?" ta tambaya.

Na dubi Baba, Baba ya dubi sama. Ƙasa ta tsage in shige, haka na ji. Mu ne. Mutanen gidajen nan akwai kyauta, kusan kullum sai an aiko mana da tiren majbus, shinkafarsu mai nama, wadda mutum biyar ma ba za su cinye ba. Mu kuma yadda aka tashe mu, abinci ba ya haɗuwa da shara. Mahaifiyata in ta ga ka zuba tuwo a bola, ranar sai maƙwabta sun cece ka. A gida ragowa ta kaji ce da awaki. Nan babu kaza babu akuya, sai muka riƙa ajiyewa a bayan ɗaki da niyyar sadaka, tsuntsu ya ci, kyanwa ta ci. Wata huɗu muna haka, muna ganin lada muke kwasa. Ashe mu muka yi wa karyar nan kiranye, muka saba mata da wurin, sannan ni ɗin nan na ɗauko gora zan dake ta don ta amsa gayyata.

Ranar Lahadi muka duƙufa. Muka ɗauke tire, muka wanke wurin da ruwan bilic har ƙamshin ya mutu. Muka ɗaure murafen shara da igiyar roba, na bi gida-gida ina roƙon masu aiki su daina barin leda a ƙasa. Da ta shigo da la'asar ba wanda ya jefe ta. Baba ya riƙa buga murfin tukunya, ni na feshe ta da tiyo daga nesa, ta juya ta fita ta inda ta shigo. Sai da muka tabbata tana waje muka jera bulo a ramin. Ni kuma na ƙara da tawa dabarar ta ƙauye: na zuba yashi ciki da wajen ƙofar, na share shi sumul da tsintsiya, yadda muke yi a bakin rumbu in muna son sanin abin da ke mana ɓarna. Duk abin da ya taka, sawunsa zai faɗa min.

Litinin lafiya lau. Talata da safe na zo na duba yashin. Sawunta ne a ciki, shiga da fita. An janye bulo ɗaya, ga takarda shimfiɗe a gindin katanga da maiƙon shinkafa. Kare dai ba ya shimfiɗa takarda. Na nufi ɗakin gadi kai tsaye.

"Baba, kai ne?"

Bai musa ba. Ya ce, "Ni ne. Jiya ina cin abinci tana tsaye a waje tana kallona ta ƙasan ƙofa, haƙarƙarinta duk a waje. Ka ce in ƙoshi mai shayarwa tana kallo? Me zan ce wa Allah?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na buɗe durowa na fito da gwangwanin na ajiye a gabansa, na ce, "To ga abin da za ta ci jibi, Baba. Kai za ka kwaɓa ko ni? Don in na ƙi, wanda za a kawo a madadina ba zai tsaya tambaya ba." Ya dubi gwangwanin. Can ya ce mu je wurin Madam.

Sai bayan azahar muka same ta, ta dawo daga makaranta. Baba ya ce in fassara masa, kada in rage komai. Ya ce, "Gaya mata maganarta gaskiya ce, amma da saura. Dabbar ƙasarsu in an kore ta tana da daji, ta koma ta ci abin da Allah ya ajiye mata. Wannan fa? Bayan katangar nan siminti ne da rana. In mun rufe ko'ina, yunwa za ta sa ta haƙa ƙarƙashin ƙofar ko da bulo ɗari muka jera." Madam ta ce dattijon ya fi ta gaskiya, ita ba ta yi wannan tunanin ba. Aka tsaya a kan cewa za a ci gaba da ba ta abinci da ruwa, amma can ƙarshen filin, bayan bututun, inda ko katangarmu ba a gani sosai. Ita kuma za ta nemi wasu masu aikin sa kai da ke kwashe irin waɗannan karnuka.

Baba ne ya ɗauki wannan aikin, bai bari na taya shi ba. Mutumin da ke kukan ciwon gwiwa, sai ga shi bayan la'asar da leda a hannu ɗaya da galan ɗin ruwa a ɗaya, yana ratsa filin nan cikin zafin da ke narkar da takalmi. Ni kuma na mayar da bulon, kullum da yamma in sake share yashin. Laraba da safe sawunta ya zo har bakin ƙofa ta waje, ya ɗan zagaya, ya juya. Ranar Alhamis ko karyawa ban iya yi ba. Na tafi bakin ƙofar ina addu'a a zuci, na leƙa. Yashi sumul, ciki da waje, ban da sawun wata kurciya.

Da mudir ya zo wajen ƙarfe goma, na kai shi na nuna masa. Ya dubi yashin, ya dube ni, ya ce wannan kuma wane irin aiki ne. Na yi masa bayani da guntun Larabcina. Ya kira gida biyu a waya a gabana, duka suka ce tun shekaranjiya ba su gan ta ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya karɓi gwangwaninsa ya shiga mota. Yana fita na zauna a kan bulon nan daɓas. Baba ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Sikiriti, yau ba tsani?" Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Bayan kamar kwana goma masu aikin sa kan suka zo da keji, suka kwashe uwar da 'ya'yanta biyar zuwa wata gona a wajen gari. Ragowar majbus kuwa muka riƙa sa ta a firij, da yamma mu miƙa wa leburorin da ke gini a layinmu, suna murna muna murna.

Na sha zama ina tunanin yadda abin ya kusa ƙarewa. Mugunta ba ta kai karyar nan bakin guba ba, tausayinmu ne ya kai ta, tausayin da muka yi don mu ji daɗin ranmu ba tare da mun tambayi inda zai kai ta ba. Tun daga makon nan, in wani abu ya dame ni a gida ko a wurin aiki, dabba ce ko mutum, kafin in nemi sanda sai na fara zagayawa bayan ɗakina in duba me nake ajiye masa. Sau da yawa kuwa ina samu.