Gabas da Giginya

Shekarar da aka raba mana ƙananan tutoci masu kore da fari, aka kawo mana sabon malamin lissafi a Illo, dogo, siriri, ga son tsokana. Bai yarda da allo ba. Igiya biyu yake shimfiɗawa a fili, ɗaya daga gabas zuwa yamma, ɗaya daga kudu zuwa arewa, ya kafa turke inda suka haɗu. Sai ya ce wane ya taka uku gabas, biyu arewa. Wanda ya ɓata, ya ce masa ya faɗa Dahome, ya gaida mutanen can. Fatake masu wucewa da jakuna kan tsaya kallo, suna cewa boko ya haukata yara. Ina kewar wannan fili har gobe.

A daminar nan ƙanwata ta rasu. Mu ba ma sa wa kabari alama, ruwa biyu ya bi ta kansa ya shafe, kuma mata ba sa zuwa maƙabarta. Inna ba ta yi ta kuka ba, amma kullum sai ta tambayi inda aka kwantar da yarinyar, a ce mata can dai.

Ni kuwa, da rawar kan ɗan makaranta, na je maƙabartar na mai da wata giginya turkena, na taka, na dawo na gaya mata: gabas sha biyu, arewa bakwai. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma ta riƙe. Nakan ji tana maimaitawa a bakin turmi, kamar mai wasa da jariri.

Karatu da aiki suka ɗauke ni. Da na dawo da gemuna, Inna ta aike ni in yi wa yarinyar addu'a. Na tarar an sare giginyar an yi azara, ko kututture babu. Ko da giginyar tana nan ma, ƙafar da ta yi awon ta ɗan yaro ce, tawa ta yi mata tsawo. Na tsaya tsakiyar ciyawa, na yi addu'a ga kowa.

Na gaya wa Inna gaskiya. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ba ta ko ɗago ba.

"Kai ka ɓace, ɗan nan," in ji ta. "Ɗiyata tana nan inda kac ce min. Gabas sha biyu, arewa bakwai."